Igiya Tana Hannun Sunusi

Zangon Kumasi, watan Rajab, 1955

Takarda ta fito daga hannun Sunusi ɗan Inna Turai zuwa ga taubashinsa Sale tela, a kasuwar Yako. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, da ta Innata. Ni lafiya nake, sai ciwon baya da ya zame mini abokin zama.

Bayan haka, kada ka yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara huɗu. Wani bafataken goro ne, Idi mutumin Bebeji, na ji yana ciniki da bakin wajenmu, na bi shi har masaukinsa. Ya ce ya san rumfarka. Ko da yake ni da kai sai an hau kan kakanni kafin a haɗa mu, kai kaɗai na sani a dangi da za ka karanta da idonka, ba sai an kai wa wani ba gari ya ji.

Za ka so sanin abin da nake yi. A nan ruwa ba ya wuya, damina biyu suke yi a shekara, saboda haka ba mai neman mai haƙa rijiya. Ramin salga nake haƙa wa masu gidaje. Yi dariyarka, haƙƙinka ne na taubashi. Hannun da Baba Ubale na Badafi ya koya wa nemo ruwan sha, ga inda ya ƙare. In na tashi aiki na sayi dokunu, tuwon masarar mutanen nan, na ci a ƙofar ɗaki, ba wanda ya san sunan uwata balle ya tambaye ni ita.

Ka san abin da Baba Ubale yake a wurina. Shekara goma sha ɗaya ina bayansa tun rasuwar mahaifina. Mutumin da zai dubi inda baure ya tsaya da inda gara ta yi suri, ya ce a haƙa nan, ruwa yana gaba tara, a kuwa same shi a gaba tara. Bai taɓa sa hannu a akushi kafin mu ba. Ran da bango ya rufto mini a Tudun Wada, da hannu ya tone ni har farcensa biyu suka fita.

To ga buƙatata. Ranar da Adamu ɗan Gwaggo Delu ya rasu a rijiyar Ɗansoshiya, Baba ne ya ce in bar gari, kada in dawo sai ya aiko. Sau biyu na ba matafiya saƙon baka su gaya masa inda nake, ban ji komai ba. Na san hanya ce ta cinye saƙon. Ka taimaka ka gan shi, ka durƙusa ka gaishe shi a madadina, ka tambaye shi ko lokaci ya yi. Na gaji, Sale. Ina so in ga Inna tun tana iya ganina.

Wassalam.

Yako, bayan Ƙaramar Salla, 1955

Daga Sale zuwa ga bawansa Sunusi, sarkin salgar Gwanja. Na amsa gaisuwa, na ƙara da tawa. Muna lafiya, mai ɗakina Rabi ta sauka an sami mace. Ruwa ya zauna, an gama shuka, har an fara noman farko.

Da na karanta wa Inna takardarka sai ta karɓa ta riƙe, ta ƙi ba ni, alhali ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Idonta ya fara hazo amma tana kaɗinta. Ta ce in tambaye ka ko ana samun kuka a can, ko me kake zuba wa tuwo.

Ban kai Badafi ba, ɗinkin Salla ya riƙe ni, amma na gamu da Baba Ubale a masallacin Juma'a na Kiru. Da na ce ga takardarka ta zo, sai da ya nemi bango ya dafa, don tausayinka. Ya ce Allah ya kawo ka lafiya. Ka gode wa Allah da ya ba ka uba irin wannan. Shekarun nan duk wanda ya zage ka a gabansa sai ya tsawatar, ya ce hannu yana kuskure, gajiya ba ta shawara da kowa.

Ga babban albishir kuma. Ranar Sallar nan Gwaggo Delu ta taka da ƙafarta har ɗakin Inna, abin da ba ta yi ba tun rasuwar, ta ce ta yafe maka duniya da lahira. 'Yan'uwan Adamu ma sun huce. Saboda haka ka tattaro ka taho. Ka sunkuyar da kai shekara guda, mutane za su manta. Igiya dai ba mai sake ba ka ita a ƙasar nan, amma ga keke, zan fara ka da ɗinkin maɓalli.

Wassalam.

Zangon Kumasi, watan Layya, 1955

Zuwa ga Sale. Gaisuwa, da barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya. Ka gaya wa Inna ana samun kuka, tsohuwa ce kawai.

Na karanta takardarka sau bakwai. Me Gwaggo Delu ta yafe mini? Wane hannu ne ya yi kuskure? Da farko na ce ko rubutunka ne, ka san kamar tafiyar kaza yake. Na sake bi baƙi baƙi, haka ka rubuta.

Bari in gaya maka abin da ya faru, don na ga alama ba ka taɓa jinsa ba.

Ranar Talata ce da sassafe, cikin bazara. Mu uku ne a bakin rijiyar, ni da Adamu da Baba. Yasa za mu yi, don ta kusa ƙafewa, an kuma daɗe ba a shige ta ba. Doka ta farko da Baba ya koya mana ita ce, tsohuwar rijiya ba a shigarta sai an zura fitila a ƙwarya har ƙasa. In ta ci gaba da ci, mutum zai iya numfashi. In ta mutu, sai a ɗaure ganye a igiya a yi ta zurawa ana jawowa har muguwar iskar ta fita. Ya taɓa marina a gaban jama'a a Kiru don na manta da wannan.

Ran nan na kunna fitilar, Baba ya sa yatsa biyu ya kashe ta. Ya ce wannan rijiyar shi ya haƙa ta tun ba a haife ni ba, ya san ta kamar cikin ɗakinsa, ba za a gwada masa ita kamar ta baƙo ba. Adamu ya yi dariya, ya zarga igiya a hammata, ya fara sauka yana zolayata, wai in riƙe da kyau matarsa ta ɗora masa ɗumame. Wajen gaba bakwai maganarsa ta yanke. Igiya ta yi nauyi. Na ja, Baba ya kama muka ja tare. Amma jikinsa ya riga ya saki, hannuwansa suka ɗaga, ya zame daga zargen. Muka ji ruwa.

Baba ya yunƙura zai faɗa ciki, ni na rungume shi, wannan ba zan rage masa ba. Sannan ya kunna fitilar da kansa ya zura da igiyar guga. Ba ta kai gaba shida ba ta mutu. Matan da ihuna ya jawo, abin da suka tarar shi ne ni tsaye da igiya nannaɗe a hannu, ba kowa a ƙarshenta.

Baba ya ja ni gefe ya ce: “Ka bar gari yanzu, 'yan'uwansa ba za su tsaya tambaya ba. Ni zan je gaban alƙali in faɗi abin da na yi. Sai na aiko.” Kafin azahar ina tashar jirgi ta Ɗangora.

Shekara huɗu, Sale, ina kwana ina tashi da tausayinsa, ina cewa tsoho yana can ya ɗauki kaya shi kaɗai. Ka binciko mini abin da aka faɗa a gaban alƙali. Wataƙila mutane ne suka juya maganarsa. Ina fata haka ne.

Wassalam.

Zangon Kumasi, watan Mauludi, 1955

Sale, gaisuwa. Ina fata kowa lafiya.

Idi ya je ya dawo, ya ce ya sa takardata a hannunka, ka ce masa ba amsa tukuna. Wata uku ke nan. Na gane. Maganar mai haƙa salga a bakin duniya ce a gefe guda, a ɗaya gefen kuma dattijon da ake miƙewa in ya shigo. Ni ma da ni ne kai, ban san wanda zan gaskata ba. Ban ga laifinka ba. Abu ɗaya nake roƙo, in ka ɗauke ni maƙaryaci, ka rubuto ka faɗa. Shirun ya fi ciwo, don da shi na zauna shekara huɗu ina fassara shi da alheri.

Kada ka karanta wa Inna wannan.

Yako, bayan an gama kaka, 1955

Zuwa ga Yaya Sunusi. Gaisuwa da ban haƙuri. Muna lafiya, dawa ta yi kyau, gyaɗa ce ba ta yi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, wata biyu takardarka tana cikin akwatin keke. Na ce a raina zaman kaɗaici ne ya sa ka sake wa labarin kama. Sai wani tsohon malamin kotu ya kawo mini riga in yi mata aljihu, na bi da shi ta nesa har muka zo kan maganar. Ya tuna sarai. Ya ce alƙali ya tambayi Baba wa ke riƙe da igiya, ya ce Sunusi. Aka ce ina Sunusi, ya ce ya bar gari. Daga nan ba a ƙara tambayarsa komai ba, shi ma bai ƙara ba. Na ce ba a yi zancen fitila ba? Ya ce wace fitila, da rana tsaka?

Ranar Asabar na rufe rumfa na tafi Badafi. Na tarar da Baba Ubale a kan wata sabuwar rijiya da ba ta fi gaba biyu ba, kana hango ƙasanta daga tsaye, yana zura fitila a ciki. Ma'aikatansa suna ƙunshe dariya. Ɗaya ya raɗa mini cewa haka yake yi yanzu, sau uku kafin kowa ya sauka, sun ɗauka tsufa ne.

Muka koma gindin ɗorawa mu biyu. Na gaishe shi, na ce saƙo ne, ɗan aike ba shi da laifi, na karanta masa takardarka tun daga ranar Talata har tashar Ɗangora. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce haka aka yi, ba ka ƙara ba, ba ka rage ba.

Ya ce ya shiga gaban alƙali da maganar a bakinsa. Yana shiga mutane suka miƙe masa, har mahaifin Adamu ya matsa masa a tabarma. Aka tambaye shi igiya, ba a tambaye shi fitila ba. Ya ce a ransa gobe zai dawo ya faɗa. Ya ce saƙonninka biyu duk sun iso shi.

Na ce, to Baba, yanzu fa? Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke, sannan ya ce: “Sale, na ba saba'in baya. Rijiya arba'in da wani abu na haƙa a ƙasar nan, daga Bebeji har Doguwa. In na buɗe baki, duk wanda ya sha zai ce ruwan maƙaryaci ya sha.”

Ya ce ka dawo. Zai tara mutane ya miƙa maka dagi da igiyarsa a gabansu, kowa ya ga ya yarda da kai. Iyakar abin da zai iya ke nan. Ya raka ni har bakin hanya, abin da bai kamata babba ya yi ba, ni kuwa na kasa duban fuskarsa.

Ka yafe mini maganar maɓalli.

Wassalam.

Zangon Kumasi, watan Rajab, 1956

Zuwa ga ɗan'uwana Sale. Na gode, Allah ya saka. Ba abin yafewa tsakaninmu.

Da ya ƙaryata ni da ya fi mini sauƙi. Da sai in ce mugu ne ban sani ba, in tsane shi in huta. Amma ya ce ban ƙara ba ban rage ba, sannan ya ce in zo ya yi mini alfarma a gaban jama'a. Wato ya ƙara samun suna, ga dattijon da ya yafe wa yaronsa kisan kai. Kwana uku ban fita aiki ba. Mai gidan da nake ya leƙo ya tambaya ko zazzaɓi ne, na ce i, don ban san yadda zan gaya wa baƙo cewa ubana ne ya mutu alhali yana Badafi yana cin tuwo ba.

Na yi ƙoƙarin in kwashe duk abin da ya ba ni in zubar, abin ya gagara. Yadda nake riƙe dagi nasa ne. Yadda nake ɗanɗana ƙasa in san ko bango zai tsaya nasa ne. Farcen nan biyu ma da gaske suka fita, ina wurin. Ban iya cewa waccan ranar ƙarya ce don wannan ta zo bayanta ba. Mutum guda ne ya yi duka biyun, ni ne dai ban taɓa tsammanin yana jin tsoron wani abu ba. Wanda yake sauka gaba goma sha biyu yana hira, ashe tabarmar zaure ce ta fi ƙarfinsa.

Ni ma ina da nawa. Na ga an kashe fitila na yi shiru, alhali na san doka. Da wani ne ya kashe ta da na yi gardama. Don shi ne, na saki igiya Adamu ya sauka. Wannan kam in Gwaggo Delu ta yafe mini shi, ina so.

Ba zan karɓi dagi ba, ba kuma zan kai shi ƙara ba. Zan taho kafin azumi in Allah ya yarda. Ranar Juma'ar da ke bin Salla, da hantsi, zan je ƙofar Gwaggo Delu in gaya mata abin da ya kashe ɗanta. Ka sanar da Baba ranar da lokacin. In ya zo, shi zai fara magana, ni in zauna a bayansa kamar dā. In bai zo ba, zan faɗa ni kaɗai.

Wassalam.

Doguwa, farkon damina, 1956

Zuwa ga Sale. Gaisuwa, da tambayar Rabi da yarinya. Na iso lafiya. Wani mai unguwa a nan ya ba ni rijiya biyu in gyara, bai san ni ba, bai kuma tambaya ba.

Na bar Yako ban gaya maka yadda muka yi ba, don rumfarka ba ta rabuwa da kunnuwa.

Na jira Baba a ƙofar gidan Gwaggo Delu tun hantsi har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafata. Duk wanda ya ɓullo ta hanyar Badafi sai in miƙe in duba ko shi ne. Da aka fara haramar masallaci na yi sallama ni kaɗai.

Gwaggo Delu ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa, tana cewa in daina sunkuyar da kai, abin ya wuce. Na ce ina da magana. Na faɗa mata duka, har da nawa shirun. Tana ɓare gyaɗa ne, sai hannunta ya tsaya. Ta tambaye ni ko Adamu ya sha wuya, na ce ina jin bai san ya faɗi ba. Ta tambaya ko ya ce wani abu, na gaya mata maganar ɗumamen. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, na zauna har ta gama.

Sannan ta ce ta gaskata ni, don maƙaryaci ba ya kawo nasa laifin. Amma ta ce Ubale ne ya yi wa Adamu wanka, shi ya sa shi a kabari, shi yake kawo mata dami duk kaka. Ta ce in 'ya'yanta maza suka ji, ba alƙali za su nema ba, Badafi za su nufa, ta rasa na biyu da na uku a kurkuku. Sai ta ce: “Ɗana, shekara huɗu na yi ina tashi da kai a zuciyata kafin na iya sauke ka. Yanzu in ɗauki wani in fara daga farko? Ba ni da sauran shekara huɗu. Ka bar shi a tsakaninmu har a binne ni.”

Na yi tafiyar kwana goma sha ɗaya don in wanke sunana, Sale. Na dube ta, na ce na bari.

Baba na gan shi sau ɗaya, a hanyar kasuwar Kiru. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gai da babba. Ya ce “ɗana”, ya miƙo hannu zai tashe ni. Na tashi da kaina. Mutanen da ke wurin na ji suna cewa ka ga mara kunya, ko godiya babu. Bai tsawatar musu ba wannan karon. Ya tsufa ƙwarai, ya fi yadda ka faɗa.

Shi ya sa na taho nan. Ba zan iya zama inda ake yi mini kirki don an yafe mini ba. Daga nan kwana biyu ne a ƙafa, duk ƙarshen wata zan zo in ga Inna. Na gaya mata komai. Ta ce ita dama ba ta taɓa tambaya ba, ta zuba mini tuwo.

Takardun nan da na rubuto maka, kada ka karanta wa kowa muddin Gwaggo Delu tana da rai. Bayan nan ma ka tambaye ni tukuna, don ban san abin da zan so ba a lokacin. A yanzu kai ka sani, Inna ta sani, uwar Adamu ta sani. Gari bai sani ba, wataƙila har in mutu. Wasu ranakun hakan yana isata, wasu ranakun ba ya isata.

Ka gaishe da kowa.

Wassalam, Sunusi.